Boris ko Washa: Wace Wuƙar Aljihu Ce Ke Jure Ƙurar Kaduna?

Mai sayen wuƙar aljihu, wadda ake naɗewa, yakan duba kaifi da kyawun ƙota, ya manta da gaɓar da ruwan wuƙar ke juyawa a kanta, alhali a nan ƙarkon wuƙa yake. Masu ƙera wuƙaƙen zamani suna bin ɗaya daga cikin hanyoyi biyu: ko su sa washa, wato siririn faifai mai huda a tsakiya, a kowane gefe na ruwan wuƙar, ko su jera ƙananan ƙwallayen ƙarfe ko na tangaran, abin da makanikai ke kira boris. Ga mazaunin Doka da kewayenta, washa ce ta fi cancanta da kuɗinsa.

Dalilin farko shi ne yadda nauyi ke rarrabuwa. Washa tana kwanciya a jikin ƙarfe da dukan faɗinta, saboda haka matsi yakan bazu. Ƙwallon boris kuwa a ɗigo ɗaya yake taɓa ƙarfe. Idan aka murɗa wuƙar gefe yayin yanka igiya ko kwali mai kauri, ƙwallayen na iya lotsa ƙarfen da suke gudu a kansa, musamman idan ba a ƙarfafa shi ba. Daga nan ruwan wuƙar ya fara lilo, kuma wuƙa mai lilo barazana ce ga yatsun mai ita.

Dalili na biyu shi ne yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu yana cika Kaduna da ƙura mai laushi da ke ratsa har aljihu. Tsakanin ƙwallayen boris akwai sarari. Ƙura ta shiga, ta gauraya da mai, ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Da damina ta sauka kuma, danshi ya kawo tsatsa ga ƙwallayen ƙarfe. Washar tagulla ba ta yin irin wannan tsatsa, kuma ba ta barin babbar kafa ga ƙura. Duk makanikin Panteka ya san abin da ƙura ke yi wa boris marar murfi.

Boris ma yana da nasa alherin. Wuƙar da ke da shi takan buɗe da ɗan taɓi kaɗan, kuma tsarin IKBS na maƙeran Brazil, ciki har da Flavio Ikoma, ya samu karɓuwa saboda wannan santsi. Mai boris nagari, wanda yake kwance wuƙarsa yana wankewa, zai more ta shekaru. Amma abin lura ne cewa Sebenza, wuƙar kamfanin Chris Reeve na Amurka da ta yi suna wajen ƙarko, da washar tagulla ake haɗa ta.

Santsin buɗewa yana burge mai saye a gaban mai shago, ƙarko kuwa sai bayan hunturu biyu ko uku ake gane shi. Wanda zai sayi wuƙa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko ta intanet ya tambayi abin da ke cikin gaɓar, ya fifita washar tagulla a kan ta roba, sannan ya buɗe wuƙar ya girgiza ruwanta hagu da dama. In ta motsa tun tana sabuwa, ya ajiye ta.