Otel na alfarma, famfo babu ruwa

Akwai wani kuka da ba a cika jinsa a fili ba, don masu yinsa suna jin kunyar talakawa: kukan wanda ya kwana a babban ɗaki na otel mai tsada a Yamai, ɗaki da falo da tagar da ke duban kogin Kwara, ya wayi gari famfo ya ƙafe, na'urar sanyi tana gurnani kamar tsohuwar mota, ya kira ma'aikata har ya gaji. Mai karatu zai ce, ina ruwan biri da gada? To, da ruwanmu, domin kuɗin ɗakin nan sau da yawa daga baitulmali suke fitowa.

Mu tuna yadda gine-ginen suka samu. An gina otel Gawai a farkon shekarun 1980, zamanin Seyni Kunce, lokacin da kuɗin yuraniyom suke shigowa. A shekarar 2019 kuma, saboda taron ƙoli na Tarayyar Afirka na watan Yuli, aka buɗe Radisson Blu da Noom da Bravia, aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani. An ce mana Yamai za ta zama matattarar tarurrukan duniya. Ba mu ƙi ba. Baƙo ya cancanci shimfiɗa mai kyau.

Amma otel ba tsibiri ba ne. Duk kyan dutsen da aka shimfiɗa a dandamalinsa, wutarsa da ruwansa na gari ne. An yi shekara da shekaru mafi yawan wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, kuma mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, sa'ad da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli: babba da yaro kowa ya koma ga injin da ke shan gazuwal. Madatsar Kandaji, wadda Tanja Mamadu ya aza tubalinta a 2008, ita aka daɗe ana yi mana alkawarin za ta raba mu da wannan dogaro. An gaggauta benaye cikin watanni, an bar tushen yana tafiyar hawainiya.

Sai batun gyara, wanda shi ne ciwonmu na asali. Mun iya yanke ƙyalle ranar buɗewa, da kiɗa da jawabi, amma ba mu iya tanadin kuɗin canza famfon da ya lalace ba. Ma'aikacin da ke gyara gadon, wanda mafi ƙarancin albashinsa bisa doka jikka 42 ne tun 2024, yana share ɗakin da kuɗin kwanansa ɗaya ya ninka abin da yake samu a wata. Ba a horar da shi yadda ya kamata ba, ba a ƙara masa kome ba, sannan a ce ya yi murmushi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shirun masu kwana. Ɗan kasuwan Maraɗi ko Damagaram da ya biya daga aljihunsa ba ya barin ko dala: zai tsaya gaban akawu ya nemi ragi, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma jami'in da ma'aikatarsa ko wata ƙungiya ta biya masa, sai ya sa hannu a takarda ya wuce. Mai kwana daban, mai biya daban, shi ya sa babu mai tambaya, kuma mai otel ya san da haka sarai.

Ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido ita ke da alhakin duba darajar otel-otel. Muna so ta riƙa aika masu bincike ba tare da sanarwa ba, su kwana, su buɗe famfo da hannunsu, wanda ya gaza a rage masa taurari a sanar da jama'a. Masu binciken kuɗin gwamnati kuma su fito da adadin kwanakin da aka biya a irin waɗannan ɗakuna kowace shekara, da sunayen ma'aikatun da suka biya.