Koren Ruwan Da Ake Sayarwa Da Sunan Lafiya

A shagunan magani na manyan birane da shafukan sada zumunta, ana tallar wani koren ruwa da ake ɗigawa cikin ruwan sha, wai yana wanke jini yana hana tsufa. Abin da ke cikin kwalbar shi ne kulorofilin, rini ne da ake sarrafawa daga koren sinadarin ganye. A masana'anta ake cire maganiziyom ɗin da ke tsakiyarsa a maye gurbinsa da tagulla, domin launinsa ya daɗe. A Turai ana rina abinci da shi ƙarƙashin lambar E141.

Hujjar masu talla ita ce yana kashe kaifin sinadaran da ke ci wa ƙwayoyin jiki tsatsa. A ɗakin gwaji, hakan gaskiya ne. Akan zuba irin waɗannan rinaye cikin wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH, idan launin ya koɗe ya koma rawaya sai a ce sinadarin ya yi aiki. Sai dai kwalbar gwaji ba ta da hanji ko hanta, kuma koɗewar launi ba ta nuna abin da zai faru a jikin ɗan Adam.

Tarihi ya riga ya yi gargaɗi. A 1994 aka fitar da sakamakon wani bincike a Finlan kan maza masu shan taba fiye da 29,000. Waɗanda aka bai wa sinadarin beta-karotin, wanda shi ma ake yabo da hana tsatsar jiki, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari.

Amfanin kulorofilin da ya fi samun shaida yana wani wuri dabam. A Qidong ta ƙasar Sin, inda sankarar hanta ta yi katutu, an bai wa mutane miligiram 100 sau uku a rana har tsawon wata huɗu. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna alamar ɓarnar gubar afalatoksin a fitsarinsu ta ragu da kashi 55 cikin ɗari. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne rinin yana riƙe gubar a cikin hanji kafin ta shiga jini.

Nan ne batun ya shafi Arewa, domin afalatoksin ita ce gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi. Jami'o'in yankin za su fi amfanar da jama'a idan suka gwada wannan rini a kan masu cin ƙuliƙuli da tuwon masara, maimakon tara takardun koɗewar launi. Kafin nan, kuɗin da ma'aikaci zai kashe kan koren ruwa gara ya kashe su wajen sayen hatsin da aka busar sosai, da zogale da alayyafo.