Na'urar Nuna Hanya da Rangwamen Sallah: Me Ya Kamata Direban Maraɗi Ya Duba?

Sharhinmu na yau zai duba wani kaya da ya samu gurbi a teburan masu sayar da salula da kayan mota, wato na'urar nuna hanya, wadda aka fi sani da GPS. Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko shekara ta zo ƙarshe, kasuwa kan cika da shelar rangwame da garaɓasa, kaya na shigowa daga Dubai da Sin da Kano, saƙonnin talla kuma na yawo a WhatsApp da Facebook. Mai mota kan ga na'ura biyu ko uku a jere, wannan ta fi faɗin fuska, waccan ta fi ƙarar murya, ɗayar kuma an ce an zaftare rabin kuɗinta. Matsayin wannan sharhi guda ɗaya ne: darajar na'urar nuna hanya tana cikin taswirar da ke cikinta. In taswirar ta san hanyoyin ƙasarmu Nijar, na'urar ta ci kuɗinta. In ba ta san su ba, ko kyauta aka ba ka, kaya ka ƙara wa motarka.

Dalilin haka yana cikin yadda abin yake aiki. Amurka ta harba tauraron GPS na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurarin ɗan'adam 24 da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon da farar hula ke kamawa, daga nan ne na'urorin mota suka fara aiki yadda ya kamata. Yau akwai GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin wanda ya game duniya a 2020. Na'urar da ke hannunka sauraro kawai take yi. In ta kama saƙon taurari huɗu, ta auna lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, sai ta lissafa inda kake, kuskurenta bai wuce ƴan mitoci ba. Wannan saƙo kyauta ne, ba ya cin mega, ba ya neman layin waya. A ƙasa irin tamu, shimfiɗaɗɗiya, inda babu dogayen benaye masu tare sama, na'ura mai araha da mai tsada kusan daidai suke wajen gano inda kake tsaye. Inda suke rabuwa shi ne a tambaya ta gaba: daga nan, ta ina za ka bi? Wannan amsa taurari ba su da ita. Mutane ne suke zana ta, su zuba a na'ura.

To, su wane ne suka zana taswirar da ke cikin na'urar da ake tallata maka? Manyan kamfanonin wannan sana'a biyu ne, Garmin na Amurka da aka kafa a 1989, da TomTom na Holand da aka kafa a 1991, kuma kowace na'ura tasu ana loda mata taswirar yankin da aka nufa da ita. Wadda aka yi don kasuwar Faransa ko Jamus tana zuwa da titunan Turai. Alƙawarin sabunta taswira kyauta da ake bugawa a jikin kwali ya tsaya ne a kan wannan yankin. Labarin cunkoson motoci da gargaɗin kyamarar auna gudu, waɗanda ake ƙara kuɗi saboda su, sun dogara ne da hidimomin da aka tanada a can. Haka lamarin yake ga motocin hannu da aka daɗe ana shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano: da yawa suna zuwa da allon nuna hanya a gaban direba, amma taswirar Beljiyam ce ko ta Jamus a ciki. Sannan tun da Google ya sa jagorar hanya kyauta a salula a 2009, kasuwar waɗannan na'urori ta yi ta ja da baya a ƙasashen da ake ƙera su. Kayan da ya kwana a shago shi ake fara karya wa farashi, shi ne kuma yake saurin samun hanyar zuwa kasuwanninmu. Ko a Turai wasa da farashi ya kai matsayin da, tun 2022, doka ta wajabta wa mai shelar rangwame ya nuna mafi ƙarancin kuɗin da ya sayar da kayan cikin kwana 30 da suka gabata. Mai saye a Maraɗi, idonsa da tambayarsa su ne garkuwarsa. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Saboda haka gwajin gaskiya a bakin shago ake yin sa, kafin kuɗi su bar aljihu. Mai sayen ragon layya ba ya tsayawa yaba igiya. Yakan buɗe baki ya ga haƙora, ya taɓa gadon baya ya ji nama. A kunna na'urar, a rubuta Tibiri. A Nijar akwai Tibiri biyu sanannu, ta Gobir da ke nan kusa da Maraɗi a kan hanyar Gidan Rumji, da ta jihar Doso mai nisan ɗaruruwan kilomita. A duba ko ta nuna su duka, ta bar ka ka zaɓa. A rubuta Zariya, a ga ko ta san unguwar Zariya ta Maraɗi, ko kuwa ta miƙa ka jihar Kaduna. A gwada Jiratawa da rubutun Hausa da na Faransanci, domin suna ɗaya kan zo da rubutu iri-iri a taswira. A nemi unguwannin Ali Ɗan Sofo, da Bagalam, da Mokoyo, da Sura Bildi. A sa ta zana hanya daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa fadamar noman rani ta Jiratawa, a ga ko ta san hanyoyin burji da ake bi a ɗauko zogale da tumatir, ko kuwa iyakar saninta kwaltar Ɗan Isa. Na'urar da ta nuna babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram kaɗai, sauran allon fili fetal, ta nuna maka abin da kowane yaron mota ya sani.

In aka yi wannan gwaji, za a ga kayan da ake kira GPS a kasuwa iri huɗu ne, kuma kowanne da mai buƙatarsa. Na farko salular da ke aljihunka. Kusan kowace Tecno ko Infinix ko Samsung ta zamani tana kama taurarin, kuma manhajoji irin su Google Maps, OsmAnd da Organic Maps suna ba ka damar sauke taswira ka ajiye. Na biyu na'ura mai zaman kanta da ake manna wa gilashin gaba. A nan akwai bambancin da ya cancanci a sani: yawancin na'urorin Garmin suna karɓar taswirar waje ta katin memori, har da ta OpenStreetMap wadda ake samu kyauta, na TomTom kuwa sun dogara ga taswirar kamfanin. Na uku allon Android da ake ɗaura wa mota a gurbin rediyo, wanda a haƙiƙa salula ce babba. Abin dubawa a jikinsa shi ne yawan ma'ajiyarsa da ingancin eriyarsa, domin mai ƙaramar ma'ajiya kan daskare a tsakiyar tafiya. Na huɗu shi ne ƴar na'urar bibiya da ake ɓoyewa a jikin mota ko babur. Ita ba ta nuna wa direba hanya, mai abin hawa take gaya wa inda dukiyarsa take, kuma dole sai da layin waya mai kuɗi a ciki. Ga mai adaidaita ko baburan kabu-kabu da ya ba yara haya, wannan ce ta fi kusa da buƙatarsa. Mutum ya fara sanin matsalarsa, ɓata yake tsoro ko sata, kafin ya tambayi farashi.

Wani zai ce salula ba abin dogaro ba ce, domin da an bar gari rezo ke yankewa, ga kuma zafi. Rabin farko na wannan magana rashin fahimta ne. Rezon Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom ana buƙatarsa ne wajen sauke taswira. In an sauke ta tun a gida, salula za ta ci gaba da nuna hanya ko a dajin Dakwaro, tunda daga sama take kamo saƙonta. Rabi na biyu kuwa gaskiya ne. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi kan haura 40 a inuwa, balle a bayan gilashin mota. Salular da ke caji, allonta a kunne, rana na dukanta, za ta rage aiki ko ta mutu, batirinta kuma ya kumbura. Na'urorin da aka ƙera musamman don mota sun fi jure wannan. Don haka direban kamyo mai kwana a hanya, da mai ratsa sahara ta Agadas zuwa Dirku inda babu kwalta babu alama, suna da hujjar sayen na'ura mai zaman kanta. Mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi, Tasawa da Ƙonni kuwa, abin da zai saya a rangwamen Sallah bai wuce mariƙin salula mai ƙarfi da caja ta gari ba, ya ɗaura ta inda rana ba ta bugu. Mariƙin nan ba ado ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya fi fuskantar haɗari da kusan ninki huɗu. A saita tafiya kafin a tayar da mota, a bar murya ta yi jagora.

Wani kuma zai ce duk wannan wahalar banza ce, matambayi ba ya ɓata, kuma direban da ya shekara ashirin a hanyar Katsina ba ya buƙatar allo. Wannan magana tana da nauyi, kuma akwai abubuwan da babu taswirar da za ta gaya maka. Gulbin Maraɗi, da ke shigowa daga wajen Jibiya ya ratsa Madarumfa da Jiratawa da Maraɗi da Tibiri kafin ya koma Najeriya, yashi ne da rani, ruwa ne da damina. Hanyar da na'ura ta ce ta fi kusa tana iya zama mashigin da ya cika jiya da dare. Wannan gulbi ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka tashi aka hau tudu. Taswira ba ta san Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba, ba ta san an sake rufe su bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ba, kuma ba za ta gaya maka wace hanya ce a yankin Madarumfa ko Gidan Rumji ba a bi bayan magariba saboda ƴan bindiga ba. Wannan ilimin yana bakin mutanen tasha da jami'an tsaro da mazauna ƙauyuka, kuma duk wanda ya fifita allo a kansu ya jefa rayuwarsa da ta fasinjansa cikin haɗari. Sai dai tambaya tana da iyaka. Garin Maraɗi yana faɗaɗa, sababbin unguwanni na tsirowa babu sunan titi babu lambar gida. Motar asibiti da aka kira cikin dare, da yaron da ke kai saƙon kaya, da baƙon da ya zo ɗaurin aure daga Yamai, ba koyaushe suke samun wanda za su tambaya ba. Ɗan ɗigon taswira da mai gida zai tura ta WhatsApp ya fi dogon kwatance saurin kai su ƙofa. Na'ura da tambaya abokan tafiya ne, kowanne na rufe gurbin da ɗan'uwansa ya bari.

Wannan ya kawo mu ga nauyin da ke kanmu. In taswira ce ginshiƙi, to gyaranta ba sai mun jira wani daga ƙetare ba. OpenStreetMap, da aka fara a 2004, taswira ce ta sa-kai wadda kowa ke iya ƙara wa titi, ko rijiya, ko masallaci, ko gidan likita, kuma akwai matasan Nijar da ke wannan aiki. Daga ita OsmAnd da Organic Maps ke ɗibar bayanansu. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ma'aikatan magajin gari na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, da ƙungiyoyin direbobi, in suka haɗa kai, za su iya sa kowace unguwa da kowace hanyar gona a taswira da sunan da mutanen wurin ke kiran ta. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai kawo baƙi da kaya da motoci; gara su tarar da garin a zane.

Jama'a, ga abin da muke kira a kai. Kada shelar rangwame ta sa ku gaggawa. Ku tambayi farashin kayan a shago biyu ko uku, ku sa a kunna na'ura a gabanku, ku nemi unguwarku da ƙauyenku a ciki, ku kashe rezo ku ga ko tana aiki, ku tambaya ko ana iya ƙara mata taswira, ku karɓi rasiɗi da sharaɗin mayarwa. Ƴan kasuwa kuma, ku gaya wa mai saye taswirar wace ƙasa ce a cikin abin da kuke miƙa masa, domin ɓoye aibin kaya yana cire albarkar ciniki. Wanda salularsa ta ishe shi, ya riƙe kuɗinsa ya yi wa iyali hidimar Sallah. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya.