Yaron da muka ce daƙiƙi ne ya tayar da Peugeot 504

A taron iyayen yara da ya wuce a makarantarmu ta nan Gangara, wani uba ya miƙe ya nuna ni da yatsa ya ce, "Mushe, kai ka lalata mini yaro. Na kawo shi lakwal ya zama ma'aikaci, ka mayar mini da shi yaron gareji." Wasu daga cikin abokan aikina suka sunkuyar da kai, wasu kuwa har da gyaɗawa. Ban tanka masa ba, don ya girme ni, kuma a gaban jama'a ne. Amma maganar ta hana ni barci, shi ya sa na kawo ta nan, inda na san malamai da iyaye na leƙowa.

Ga yadda abin ya faru. Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, tsohon direba ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja tsakanin Maraɗi, Gazawa, Tasawa da Damagaram. A tsakar gidansa akwai wata Peugeot 504 da ta fi shekara goma a kan duwatsu, babu taya, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Sau uku 'yan jari-bola suna zuwa da sikelinsu su ce a sayar musu su yanka, yana korarsu. Bayan girbin 2023 sai ya ce zai kwance ta ƙusa-ƙusa ya sake haɗa ta. Gari ya ɗauka cewa tsufa ya fara taɓa shi.

Shi kuwa yaron da ake magana a kansa, a bencin ƙarshe yake zama a ajina, ya maimaita aji sau biyu, kuma a ɗakin malamai an riga an yanke masa hukunci: daƙiƙi ne. Ni da kaina na kai shi gidan Kawu wata Asabar, don na lura duk lokacin da babur ɗina ya ƙi tashi shi ne farkon mai tsugunawa kusa da shi. Wannan laifin na amsa shi, in laifi ne.

Akwai wani laifin da babu wanda ya tuhume ni da shi a taron, alhali ya fi wancan girma. Na yi mako uku ina koyar da lissafin lambobi masu waƙafi. A jarrabawa yaron nan ya rubuta cewa 0,25 ya fi 0,5 girma, wai don 25 ya fi 5. Na ba shi sifiri, na kuma zane shi, Allah Ya yafe mini. Bayan wata biyu na shiga gidan Kawu na same shi riƙe da wani ɗan ma'auni mai kama da wuƙar aska, mai harsunan ƙarfe sirara, kowanne da lambarsa a jiki, wanda ake auna tazarar bawul da shi. Kawu ya ce, "Miƙo mini 0,25." Ya miƙa. Ya ce, "A'a, tsaya, ba ni 0,5 in gwada wani abu." Yaron ya murza harsunan biyu tsakanin yatsunsa, ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Malam, ashe wannan biyunsa ne ke yin wancan." Abin da alli da bulala suka kasa sa masa a mako uku, yatsunsa sun gaya masa a minti ɗaya. To ku gaya mini, jama'a, tsakanina da shi wa ya faɗi jarrabawar nan?

Wasu sun ce ai ko ma mene ne, gwangwani ne aka tara yara a kai. Mai faɗin haka bai san motar da yake magana a kanta ba. An fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Daga 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, aka kuma ci gaba da ƙera 504 a can shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Ita ce ta ɗauki amare da marasa lafiya da buhunan gyaɗa a hanyoyin da yau sabbin motoci ke tsoron bi. Kuma jinin tsere gare ta: 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da injin silinda shida ta sake lashewa a 1978. Mu a Nijar ma ba baƙin tseren mota ba ne. Tun zagayen farko na Paris-Dakar a 1979 aka bi ta Agadas da Yamai, a 1987 kuma Ari Vatanen ya ci shi da Peugeot 205. Turawa suka yi ta keta ƙasarmu da gudu, mu muna bakin hanya muna tafi, ƙura na shiga mana ido. Shekara nawa ke nan, har yau ba mu ga dacewar mu buɗe bonet mu nuna wa 'ya'yanmu abin da ke ciki ba.

A Turai da Amurka likita ko lauya kan sayi tsohuwar motar tsere da ta yi tsatsa, ya ajiye ta a garejin gidansa, ya yi shekara uku ko biyar yana kwancewa yana haɗawa shi da ɗansa a ranakun hutu. In ya gama a taru a kalla, wani lokaci kuɗinta ya fi na sabuwa. Babu mai cewa ya haukace. Mu kuwa da buƙata ta fi kama mu, mu ne masu ɗora tamu a sikeli a biya mu kilo-kilo, sannan mu yi wa wanda ya ƙi sayarwa dariya.

Da na zauna na kalli aikin da idon malami, sai na ga duk abin da muke kukan yaranmu ba su da shi yana nan a tsakar gidan. Kowace ƙusa da aka cire sai an wanke ta da kananzir, a jefa ta cikin gwangwanin tumatir, a rubuta a jiki inda ta fito. Kawu bai yi boko ba, don haka rubutun ya faɗa kan yaron, wanda a aji ba ya iya cika layi biyu. Na ƙara masa sharaɗi: ga littafi, duk abin da aka kwance ya zana shi, ya rubuta sunansa da Hausa ko da Faransanci, da ranar da aka cire shi. Ya koyi cewa kan inji ba a ɗaure shi yadda aka ga dama. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, a hankali, zagaye bayan zagaye, in ba haka ba ya karkace ruwa ya haɗu da mai. Ya koyi cewa zobban fistan ba a jera bakinsu wuri ɗaya. Ya ƙirga da idonsa cewa sai babban sandan inji na ƙasa ya juya sau biyu kafin na bawul ya juya sau ɗaya, wato darasin nan na biyu bisa ɗaya da nake zanawa a allo yara na hamma. Ya kuma koyi haƙuri, wanda ba ya cikin manhajarmu ko kaɗan. Gasket ɗin kan inji daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka yi saƙonsa, iyaka kuma a rufe take lokacin, ya yi watanni kafin ya iso, da ya iso kuma aka tarar ba nata ba ne, aka sake sabon saƙo.

Ranar da aka zo tayarwa, an ari batir, maƙwabta sun cika zaure. Aka murza, inji ya yi tari ya yi atishawa ya ƙi. Masu dariya suka samu abin da suka zo nema. Yaron bai ce komai ba, ya buɗe littafinsa, ya duba shafin da ya zana wayoyin fulogi ranar da aka cire su, ya ce, "Baba, wuta 1, 3, 4, 2 take bi, mun musanya biyu." Aka gyara. Murzawa ɗaya ta kama. Kawu ya koma gefe ya zauna a kan turmi yana share ido da hularsa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba duka ce ta banza ba. Masu cewa aikin ƙazanta ne na waɗanda suka kasa karatu, ba zan daɗe a kansu ba. In injin niƙa ya tsaya a garin nan, ko famfon rijiya, ko babur ɗin da mushe ke zuwa aiki da shi, wa ake nema, mai takarda ko mai baƙin hannu? Kuma aikin gwamnatin da ake yi wa yara tanadi, ina yake? Mu da muka fito makarantar horon malamai mun san yawancinmu da kwantaragi muka fara, wasu har yau a kansa suke. Masu cewa zamani ya wuce 504, motocin yanzu da kwamfuta ake duba su, gaskiya ne, amma injin fetur har gobe shaƙa yake, ya matsa, ya fashe, ya fitar da hayaƙi. Tsohuwar mota komai nata a fili yake, ana gani ana taɓawa, shi ya sa ta fi daɗin koyo.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta uwayen da ke cewa gareji na cinye yara. Wannan na yarda da ita. Na ga yaran da aka kai koyon aiki a birni suka shekara uku ba su riƙe sifana ba sai aike da wanke-wanke da shan mari, wasu suka dawo da shaye-shaye, karatun kuma ya tafi. Ba wannan nake karewa ba. Abin da nake karewa shi ne yaro a cikin gida, gaban dattijon da aka sani, bayan la'asar da ranar hutu, da littafi a hannu, da safe kuma yana aji. Makinsa na lissafi bai sauka ba a wannan shekarar, hawa ya yi, kuma rajista na nan ga mai son dubawa.

A nan ne fushina ya fi karkata ga 'yan'uwana malamai fiye da iyaye. Uban nan a wurinmu ya koyi raina aikin hannu. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai kwalejojin fasaha na CET, akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Amma yaya muke ambaton su a aji? "In ba ka yi ƙoƙari ba, can za a jefa ka." Mun mayar da su bola, sannan muna mamakin iyaye sun ƙi kai 'ya'yansu. Yaro mai kaifin hannu ba ma ganinsa sam, sai wanda ya iya haddace abin da muka rubuta ya mayar mana da shi kamar aku. Wa a cikinmu ya taɓa shigo da tsohuwar kafireta aji ya ɗora a tebur ya ce yara su kwance? Ni ban taɓa ba, shekara kusan ashirin ina riƙe da alli. Laifi tudu ne.

Abin da ya sa ban iya yin shiru ba shi ne na san abin da ke jiran yaron nan. Uban ya hana shi taka gidan Kawu, ya kuma ce in bai ci jarrabawa bana ba, zai bi yayansa haƙar zinariya. Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014 samarinmu ke tafiya, kuma ba mu manta rijiyoyin da suka rufta da mutane a yankin Ɗan Isa a 2021 ba, nan cikin jihar Maraɗi. Wato an fi yarda yaro ya sauka rami da igiya a ƙugu da a gan shi da baƙin mai a riga. Wannan lissafin ne ni na kasa ganewa.

Motar ba ta ƙare ba. Inji na tashi, amma babu gilashin gaba, burki kuma ko taɓa shi ba a yi ba. Kawu ya rufe ta da tabarma ya ce ba zai ɗaura ko ƙusa ɗaya ba sai yaron ya dawo, don shi ya san inda komai yake. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ni da Kawu za mu je gidan uban, da ladabi, mu roƙe shi ya zo da kansa ya tsaya ɗansa ya tayar masa da injin a gabansa. Littafin yaron na hannuna zan tafi da shi. Shafin ƙarshe zanen burkin baya ne, ya yi rabi bai ƙarasa ba.