Wanda ya rufe ƙofa, shi faɗi ranar buɗewa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, akwai wata gardama da ba ta mutu ba har yau. Ana yin ta a fada, ana yin ta a tasha, ana yin ta a bakin rijiya. Gardamar ita ce ta cutar korona, da ranar da gwamnati ta sassauta dokokin da ta kafa a shekarar 2020. Wasu suna cewa an yi gaggawar buɗewa. Wasu kuma suna cewa tun farko babu wata cuta, duwatsun samari ne suka buɗe masallatai.

Ni ga tawa maganar. Buɗewar da aka yi daidai ce. Amma hanyar da aka bi har aka kai gare ta, ta koya wa talakawa mugun karatu. In ba mu goge wannan karatu ba, ranar da wata annoba ta zo, shi zai kashe mu.

Mu tuna abin da ya faru

Ran 17 ga watan Maris na 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi wa jama'a jawabi. Aka rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram. Aka rufe iyakokin ƙasa. Aka rufe lakkol, aka hana taron da ya wuce mutum 50. Ran 19 ga wata aka sami mutum na farko mai cutar a Yamai. Ba a jima ba aka hana sallar jam'i, aka rufe masallatai da coci-coci. Ran 27 ga wata aka kafa dokar hana yawon dare a Yamai, daga ƙarfe 7 na maraice zuwa ƙarfe 6 na safe. Aka kuma killace birnin, ba shiga ba fita.

A ƙarshen Maris samari suka tayar da tarzoma a Mirriya, cikin jihar Damagaram. Tsakiyar Afrilu wutar ta kama unguwannin Yamai. Aka ƙona tayoyi, aka yi jifa, aka kama mutane fiye da 100. Gab da azumi aka rage dokar dare, ta koma daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 5. Ran 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada, aka ɗage dokar dare. Ran 15 ga Mayu aka buɗe hanyoyin Yamai. Ran 1 ga Yuni yara suka koma lakkol.

Buɗewa daidai ce

Masu cewa an yi gaggawa, yawancinsu masu albashi ne. Ƙarshen wata kuɗinsu yana zuwa, ko sun fita ko ba su fita ba. Suna cewa mu dubi Faransa, wadda ta zaunar da mutanenta cikin gida daga 17 ga Maris har 11 ga Mayu. To, mun duba. A Faransa gwamnati ta riƙa biyan ma'aikatan da suka zauna gida mafi yawan albashinsu. A nan wa ya biya mai shayi? Wa ya biya mai tsire da mai tuwon dare? Kasuwarsu ba ta ci sai bayan magariba, dokar kuwa ƙarfe 7 take farawa. Wa ya biya ɗan cin rani da ya tafi Yamai neman kuɗin iri, hanya ta rufe masa ga damina tana matsowa?

Gwamnati ta yi abin da ta yi. Ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwan famfo na watannin Afrilu da Mayu. Ta saki fursunoni 1,540 don a rage cunkoso a gidajen kaso. Madalla. Amma ƙauye nawa ke da wutar lantarki? Gida nawa ke da famfo? Matar da ke jan guga ba ta da takardar ruwa da za a yafe mata. Abin da ta sani shi ne tiyar hatsi, da ɗan abin da mijinta ko ɗanta ke aiko mata daga birni.

Ga kuma zafi. Kowa ya san Afrilu a ƙasarmu. Mutum goma cikin ɗaki biyu, rufin kwano, ba fanka. A ce musu su shige tun ƙarfe 7, wannan umurni ne da jiki ba ya iya ɗauka. Dokar da talaka ba ya iya bi, ƙarshenta ta maida shi mai laifi.

Lissafin likita ma ya goyi bayan buɗewa. Cutar ta fi tsanani a farkon Afrilu, daga nan sabbin masu kamuwa suka riƙa raguwa. Ranar da aka buɗe masallatai, dukan waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijar ba su kai 1,000 ba. A daidai wannan lokaci zazzaɓin sauro yana jiran damina, shi da ke kashe dubban ɗiyanmu kowace shekara. Tsoron korona ya sa mata da yawa suka ƙi kai yara likita. Ci gaba da rufewa zai ƙara yunwa, ya ƙara wannan tsoro. Saboda haka na ce buɗewa daidai ce.

Inda hukuma ta yi kuskure

Kuskuren shi ne an rufe ƙofa ba a faɗa wa mutane abin da zai buɗe ta ba. Abin da muka riƙa ji a rediyo shi ne sati biyu, kuma ana iya sabuntawa. Sati biyu suka cika, aka ƙara. Manomi ya san in ya shuka gero zai jira wata uku, shi ya sa yake haƙuri. Mai azumi ya san rana za ta faɗi. Haƙuri yana da sauƙi in mutum ya hango ƙarshensa. Da an ce mana, in masu kamuwa suka ragu zuwa kaza, har kwana kaza, za a buɗe masallaci, da kowa ya sa ido a kan lissafin. Da mai wanke hannu ya san abin da yake saye da sabulunsa.

An zauna da manyan malamai a Yamai, wannan gaskiya ne. Amma limamin ƙauye da maigari, a bakin rediyo suka ji labari tare da kowa. Ranar Juma'a su ne jama'a ta tsare da tambaya, ba su da amsa. Kasuwa tana ci, mutane suna gogayya da juna, masallaci kuwa a rufe. Akwai dalili: in kasuwa ta tsaya kwana bakwai, gari ya kwana da yunwa, salla kuwa tana yiwuwa a gida. Wannan bayani ne mai sauƙi, amma bai isa ƙauye da wuri ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu jita-jita suka shiga ta wannan tsaga.

Sai ku dubi yadda abubuwa suka bi juna. Aka yi jifa, kwana kaɗan aka rage dokar dare. Bayan sati uku aka buɗe duka. Gwamnati ta ce sauƙin cutar ne ya sa, kuma lissafi ya nuna an sami sauƙin. Amma saurayin da ya ƙona taya abin da ya gani daban ne: ya yi jifa, ƙofa ta buɗe. Mugun karatun da nake faɗa ke nan.

Waɗanda ba su yi jifa ba kuwa, su suka fi daɗewa suna jira. Jiragen sama sun koma aiki ran 1 ga Agusta 2020. Iyakokin ƙasa, na masu shiga mota da masu tafiya a ƙafa, sai ran 17 ga Yuni 2021 aka buɗe su. Wata 15 ke nan. Mai kuɗin jirgi ya yi tafiyarsa, mai kuɗin mota ya tsaya. Mutanen Maradi, Ƙonni da Magariya sun sha wuya biyu, don Nijeriya ta riga ta rufe tata iyakar tun Agusta 2019. Shin mutane sun daina ƙetarawa? Kowa ya san amsa. Sun bi ta daji a kan babur, sun biya ninki, kuma babu malamin likita da ya duba su a can.

Masu cewa ƙarya ce

Yanzu na juyo kanku, ku masu cewa babu cutar. Kuna cewa an buɗe kuma ba a ga gawa a titi ba. To, ku saurara. Ran 3 ga Mayu 2020 korona ta kashe ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar. In makirci ne na manya, don me zai ci ɗaya daga cikinsu? A Kano, maƙwabciyarmu, masu haƙa kabari sun gaji a watan Afrilu na wannan shekara, kuma yawancin mamatan tsofaffi ne. A Faransa mutum fiye da 100,000 suka mutu. A Amurka sun wuce miliyan 1.

Kuna cewa an yi abin ne don a yaƙi addini. Saudiyya da kanta ta hana baƙi zuwa aikin hajji a 2020 da 2021, ba alhaji ko ɗaya da ya tashi daga Nijar. Su ma addinin suke yaƙa?

Allah ya sauƙaƙa mana, gaskiya ne. Waɗanda hukuma ta lissafa sun mutu a Nijar, ɗari uku ne da ƴan kai. Akwai dalilin da ake gani. Cutar tsofaffi ta fi kashewa, da masu ciwon suga da hawan jini. Mu kuwa kusan rabin mutanen ƙasarmu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yawancin zamanmu kuma a waje yake, cikin iska. Sannan wuraren awo kaɗan ne, tsoho ya yi tari ya rasu a ƙauye, babu mai rubuta sunan ciwonsa. Kuma da aka saki jiki, cutar ta dawo. A watan Disamba 2020 kaɗai, lissafin masu kamuwa ya ninka.

An buɗe masallatai bisa sharaɗi: a wanke hannu, a rufe baki da hanci, a bar tazara, a daina musabaha. Kwana nawa muka riƙe sharaɗin? Wanda ya nemi a ba shi amana, ya kamata a same shi da riƙon alkawari.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Amma annoba ba baƙuwa ba ce a gare mu. A 2015 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 500 a Nijar, har aka rufe lakkol a Yamai. A 2018 kwalara ta ɓulla a Madarunfa, ta kuma dawo a 2021. Waɗannan ba su barin yara. Ranar da irinsu ta zo aka ce a rufe wata rijiya ko a dakatar da wata kasuwa, me zai faru in samari sun riƙe cewa dutse ne mabuɗi?

Don haka ga abin da ya kamata mu nema tun yanzu, a taron gari da gaban magajin gari. Na ɗaya, duk dokar da za ta rufe wani wuri, ta zo da sharaɗin buɗe shi, da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da sauran harsunanmu. Na biyu, a faɗa wa maigari, da liman, da shugabar mata, kafin a faɗa a rediyo. Na uku, wanda aka hana shi neman abinci, a kai masa hatsi. Na huɗu, ƙofar talaka da ta mai kuɗi su buɗe rana ɗaya.

Mu kuma namu shi ne mu je allurar rigakafi in ta zo, mu kai mara lafiya likita da wuri, mu tambayi malamin likita kafin mu yarda da maganar fada. In doka ta matsa mana, mu tashi wakilai su je su faɗa da baki, su dawo mana da amsa.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.