Daga Kano Zuwa Jidda: Nisan da Jirgi Bai Rage Ba

Idan lokacin aikin Hajji ya ƙarato, maniyyata daga ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi sukan bi ta Wudil zuwa Kano, su hau jirgi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Cikin 'yan awoyi sai ga su a Jidda. Wannan sauri ya sa yara da yawa suke ɗaukar Makka tamkar tana bayan gari. Gyara wannan fahimta aiki ne da ya rataya a wuyan malami, domin lokacin tafiya kawai jirgi ya rage, nisan ƙasa kuwa yana nan yadda yake.

Tsakanin Kano da Jidda, a miƙe ta sama, akwai kimanin kilomita 3,400. Yaron firamare ba zai amfana da wannan adadi ba idan an rubuta masa shi a allo kawai. Amma da za a tuna masa cewa daga Gaya zuwa Kano kimanin kilomita 65 ne, sannan a sa shi ya raba, zai gano da kansa cewa zuwa Jidda daidai yake da yin wannan tafiya fiye da sau hamsin. Ta haka ake ɗora sabon ilimi a kan abin da ɗalibi ya riga ya sani.

Tarihi ma yana taimakawa. Kafin jirgin sama ya fara sauka a Kano a shekarar 1925, da ma shekaru da dama bayan haka, yawancin alhazan ƙasar Hausa a ƙasa suke tafiya. Sukan ratsa Barno da Chadi da Darfur, su kai gaɓar Bahar Maliya, su haye ta jirgin ruwa. Wasu sukan shekara da shekaru a hanya suna noma ko ƙodago don neman guzuri, wasu kuma ba su dawo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno.

Wani zai ce ai wannan ya wuce, tunda yau matuƙin jirgi ne kaɗai ke buƙatar taswira. Abin da ya faru a 2023 ya nuna akasin haka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai ya zama dole jiragen alhazan Nijeriya su yi zagaye, lokacin tafiya da kuɗinta suka ƙaru. Wanda ya san ƙasashen da ke tsakanin Kano da Jidda bai sha wahalar gane dalili ba.

Saboda haka, ya kamata malami ya shiga aji da taswirar duniya mai siffar ƙwallo da ɗan zare. Ɗalibi ya ɗora zaren daga Kano zuwa Jidda, ya karanta sunayen ƙasashen da ya ratsa, ya auna tsawonsa da ma'aunin taswira. A kuma sanar da shi cewa agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da awa biyu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron Ajingi da ya auna wannan tazara da hannunsa, in ya je taryen kakarsa daga Makka, ya san irin nisan da ta keto.