WUTAR LANTARKI BA TA SAN ƊAN WANE BA

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, maganarmu ta wannan mako a kan soket take, wato ɗan ramin nan na jikin bango inda ake cusa filogi. Kada wani ya ce magana ce ƙarama. Daga Darini har Batsari da Safana, dubi masu cajin waya da masu aski da masu ruwan sanyi: wani da wutar KEDCO yake sana'a, wani da janareta. Duk wutar ɗaya ce, ƙarfinta bolt 230, kuma in za ta ja mutum ba ta tambayar ɗan wane ne.

To, akwai doka? Ƙwarai kuwa. A 2015 aka yi dokar hukumar NEMSA, mai duba aikin lantarki da ba ma'aikata takardar shaida. A shekarar kuma hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin sa wuta. Abin da aka shimfiɗa shi ne, mai takardar shaida ne zai ja waya a gida, a sa wayar ƙasa, a kuma duba aikin kafin a ba shi wuta.

Soket na ƙwarai rami uku gare shi. Na saman shi ne na wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta in ta ɓalle ta bi jikin firiji ko dutsen guga. Na ƙasan biyu suna da murfi a ciki don kada yaro ya zura ƙusa. Filogin kuma yana da fis wanda bai wuce amfiya 13 ba. Amma ku sani, fis waya yake tsarewa kada ta ƙone, ba ya ceton rai. Mai ceton rai ita ce na'urar da ake kira RCD. Da zarar wuta ta zurare da miliamfiya 30, ko ta jikin mutum ne, sai ta yanke nan take.

Yanzu mu tambaye ku, wa a cikinku ya taɓa ganin mai duba waya a ƙofar gidansa? Mai hali ya kira injiniya ya yi masa aiki mai kyau. Talaka kuwa a bar shi da siririyar waya da soket ɗin jabu, alhali hana shigo da jabu aikin hukumar SON ne. Ashe dokar ta masu benaye ce kaɗai? Ran talaka shi ma rai ne.

Mu ma da namu laifin. Mu ne ke tura tsinke mu buɗe murfin soket mu cusa tsirarar waya. Mu ne ke ɗaure fis da zaren waya in ya ƙone, mu kuma tara hita da dutsen guga a rami guda har ya yi baƙi. 'Yan kasuwa ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba, ko ta Babbar Kasuwar Katsina a 2021. In wuta ta tashi a rumfa ɗaya, ba ta tsayawa nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga NEMSA ta riƙa aiko da ma'aikatanta Batsari da Safana, gwamnatin Jihar Katsina kuma ta koya wa samarinmu aikin har su sami takarda. Shugabannin kasuwa su sa a bi rumfa rumfa a duba waya kafin hunturu. Masu sayar da kayan lantarki su ji tsoron Allah su bar jabu. Kai kuma maigida, duba soket ɗinka yau. In ya yi zafi, ko ya tsage, ko yana tartsatsi, kashe wutar ka kira wanda ya san aiki. Araha ba ta ado, balle arahar da ke kai mutum kushewa.